Fadar Albasa ta Arshitek Ma'azu

In ka shiga kasuwar Malanville ta layin masu kwano da siminti, ka tarar da wani mai tumbi yana gaya wa mutane cewa wata makarantar zanen gine-gine a Lome ta neme shi ya ƙi zuwa, to ƙanena ne Ma'azu. Ka gaishe shi, ka sayi abin da ya kawo ka, amma kada ka yarda da ko kalma ɗaya. Dosiyen, wato kundin zane-zanen da ya haɗa don neman shiga makarantar, yana ƙasan adakata shekara ashirin ke nan, bai taɓa ganin Lome ba. Leda uku na naɗe shi a ciki. Duk da haka in damina ta kama, mijina yakan tambaye ni ko ɓera ne ya mutu a ɗaki.

Kwanan baya na toshe hanci na buɗe shi. Shafin farko hoton Ma'azu ne, ya tallabe haɓa yana kallon nesa. Na biyu gadar kogi ce, ya ƙara mata hawa ɗaya don masu keke su daina cakuɗa da manyan motoci, sai dai bai zana ta inda kekunan za su hau ba. Na uku kasuwarmu ce ta zama bene mai hawa bakwai, masu awaki a can ƙoli. Daga shafi na huɗu har ƙarshe abu ɗaya ne, an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe: Fadar Albasa. Waɗancan sun tsaya a takarda, ba su cuci kowa ba. Wannan kuwa an gina shi a bayan gidan uwata.

Shekarar da ya ci bak, jarabawar gama sakandare, a karo na uku, Ma'azu ya dawo gidanmu na Garou da tabarau marar magani da fensir a bayan kunne. Ya hana kowa kiran sa da sunan yanka, sai Arshitek, wato mai zanen gini. Makarantar ta ce kowane mai nema ya aiko da zane-zanensa kafin ƙarshen watan shida. Ma'azu ya ce zane ko ɗan firamare yana yi. Shi hoton gini na gaske zai aika, wanda ya fito daga kansa, su san da wa suke magana. Sai ya shiga zagayen gida yana neman abin da zai gyara, har idonsa ya faɗa kan rudun Inna.

Rudu bukka ce ta kara da ciyawa, a ɗage bisa duwatsu, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Marigayi mahaifinmu Malam Bubakar ne ya ɗaura shi, kuma a ciki Inna Hajjo ke ajiye albasar iri. Ba ta miya ba ce, ba ta kasuwa ba ce. Shekara talatin Baba yana zaɓen ta kai ɗaya-ɗaya, wanda ya fi ja, ya fi tauri, ya fi jure ajiya. A ajiye shi tun girbin bazara har kaka, a sake dasa shi ya yi fure ya ba da ƙwaya. Ƙwayar ba ta wuce shekara, ta bara kuma an shuke ta tas. Saboda haka duk abin da ya rage na wahalar Baba a duniya buhu shida ne, suna kwance cikin rudun nan. Inna ba ta ba kowa ko kai ɗaya. Maƙwabciyarmu Inna Safi, katanga ɗaya ta raba mu, kowace kaka sai ta zo da ƙwarya ta roƙa, kowace kaka Inna ta ce bana ba ta yi auki ba.

Ni ina aure a Malanville ina sayar da shinkafa, amma duk Laraba ina hawa kabu-kabu in je gida. Ina nan ranar da ya tayar da maganar.

"Inna, wanga abu kunya na," in ji shi. "Uwar arshitek tana aje dukiyatta cikin akurkin kaji."

"Akurkin ga shi ya ciyar da kai har ka hwaɗi bak sau biyu."

"Ɗan Inna Sahi duwan na, ma'aikacin kwastan, kowa na ganin hulatai bakin gada. Ke mi za ki nuna? Bari in yi maki ginin da za a ƙetaro daga Gaya a gani. Ita kuma ta leƙo bisa katanga ta sha kallo."

Inna ta dubi katanga. Na san kallon nan, ɗan banza ya taɓa inda ke mata ƙaiƙayi. Na ce mata albasa ba ta son gata, iska take so. Ma'azu ya gyara tabarau ya ce, "Yaya Jariatu, ke da kinka tsaya aji huɗu, bar ma masu ilimi magana." Kafin Laraba ta zagayo Inna ta sayar da ragunanta biyu, an jibge bulo da siminti a bayan gida.

Aka kira Baba Issufu maso, wato magini, wanda rabin gidajen Garou aikin hannunsa ne. Ya karɓi zanen, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Yaro, ta ina iska za ta shiga?"

"Iska ita ka kawo ƙura da ƙwari. A Turai ba a barin ta."

"A Turai albasar Garou suka ajewa?"

"Baba Issuhu, kai gini anka kira ka, ba jarabawa ba."

"To wanga ruhi hwa? Na ga bakinai biyu sun ɗaga sama, tsakiya ta lotsa. Ƙwarya ce kaka so in kihe ko in tara?"

"Shi na zamani. Ruwa shi taru tsakiya, shi bi indararo shi hita."

Baba Issufu ya ninke takardar ya sa aljihu. "Ni maso na," ya ce. "Abin da anka zana shi nika ginawa."

Ya kuwa cika alkawari. Ran kwana na huɗu, bango ya kai masa kafaɗa ta kowane gefe, yana tsaye a ciki, sai ya kira Ma'azu cikin ladabi ya ce a miƙo masa tsani zai tafi sallar azahar. Ma'azu ya ce ya bi ta ƙofa mana. Baba Issufu ya zaro takardar ya ce a nuna masa ita. Mutanen da ke wucewa zuwa masallaci suka tsaya, aka taru ana neman ƙofa a zanen Arshitek, ba a samu ba. Ma'azu ya ce da gangan ya bar ta, yana son ya ga ko mason yana lura. Aka fasa bango aka yi ƙofa daidai faɗin da ya auna da kansa, sai ga shi buhu ba ya shiga. Ya ce da ma buhu tsohon yayi ne.

Taga kuwa guda ɗaya ya yarda a yi. Ya samo gilashin gaban wata matacciyar babbar mota a tasha, aka manne shi da siminti yana fuskantar yamma, don masu wucewa su ga albasa kamar kaya a kanti. Aka buga kwano a sama, aka shafe bango da farar ƙasa. In faɗi gaskiya, ginin ya yi kyau. Har ni sai da na tsaya na kalle shi, Inna Safi ma ta leƙo bisa katanga kamar yadda aka yi alkawari.

"Hajjo, barka. Wa za a ɗaure ciki?"

Inna ta juya ga Ma'azu ta ce albasarta ba za ta shiga ba sai ta ga yadda ɗakin ke kwana da yini. Da an tsaya nan da an tsira. Sai aka aiko daga Gaya ƙanwarta ba lafiya, ta ƙetare kogi ta yi kwana tara.

Larabar da na zo, tun daga nesa na ga bayan gida ya yi fili. Babu rudu. Ma'azu ya ce yana ɓata masa bayan hoto, ya rushe shi ya rabar da karan ga masu suyar ƙosai. Na tarar da shi tsugune gaban babban baho, hannun riga a naɗe. Ya ɓare wa albasar busasshen ɓawonta, ya wanke ta da ruwan kogi kai ɗaya-ɗaya, waɗanda za su zauna gaban gilashi har da shafa musu man gyaɗa. Ɗan Garou, jikan manoma, yana wanke albasar ajiya. Ko jariri a garin nan ya san ba a yi.

Na ɗora hannu a ka na ce, "Ma'azu, ka kashe mu."

"Arshitek," ya gyara mini. "Dubi yadda taka walƙiya. Da ƙazanta kuka aje ta, shi ya sa ba ku ci gaba ba."

Ya jera ta a ƙasan siminti har ta kai gwiwa. A samanta ya ɗora dosiyensa, domin a cewarsa nan ne kaɗai ɗaki mai tsaro a duk Garou. Ya garƙame da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kamar laya. Ba za a buɗe ba sai ranar bikin buɗewa, gaban mai gari da mai hoto.

Da Inna ta dawo ta ga filin rudu, sai ta zauna a ƙasa. Ta ce ya ba ta makulli. Ya ce ta yi haƙuri kwana bakwai kacal, in aka buɗe yanzu ƙura za ta ɓata hoton, hoton kuma shi ne makarantarsa. Uwa uwa ce. Ta leƙa ta gilashi ta ga albasa na sheƙi, ta bar masa makullin.

Kwana bakwai suka zama arba'in. Mai gari ya yi tafiya. Da ya dawo, Haruna mai hoto fim ɗinsa ya ƙare, sai an kawo daga Parakou. Da fim ya zo, kirabat ɗin ɗaurawa a wuya da Ma'azu ya yi saƙo daga Kwatano bai iso ba, shi kuma ya rantse ba ya tsayawa gaban gininsa da wuya tsirara. Duk wannan a tsakiyar zafin bazara, lokacin da kwano ke gasa ƙadangare.

Gilashi ya fara gumi ta ciki. Ma'azu ya tara mutane ya nuna musu, ya ce ginin da kansa yake yin sanyi, ba wuta ba inji. Bayan mako ɗaya koren tsiro ya cika gaban tagar. Ya ce wannan shaida ce albasar tana jin daɗin wurin. Sai ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Rufin ya tara shi a tsakiya yadda aka zana, indararon kuwa ko ɗigo bai fitar ba, domin ganyen darbejiya ya toshe shi. Da safe rufi ya bushe ƙarƙaf. Baba Issufu ya tambaye shi ina ruwan ya tafi. Ya ce ya bi iska.

Daga nan wari ya fara. Ma'azu ya ce masu bandar kifi ne. Da masu bandar kifi suka zo da kansu suna ƙorafi, ya ce masai ne na gidan Inna Safi. Ta ji shi ta bayan katanga.

"Kai ɗan nan, masaina shekara goma shina nan, angulu bai taɓa sauka bisa nai ba. Ɗaga kai ka ga baƙinka."

Uku ne, a jere bisa kwano, suna jiran a buɗe.

Inna ta daina cin abinci sosai. Kullum da asuba sai ta je ta kara hanci a jikin ƙofar ta dawo. Na ce mata mu sa Baba Issufu ya ɓalle kwaɗon. Ta ce, "Ke, in na ɓalle na kunyata shi gaban gari. In na bari..." ba ta ƙarasa ba. Na ji haushinta a ranar, na kuma ji tausayinta. Ina jin ta riga ta sani, tsoron gani take yi.

Kirabat ya iso saura kwana biyar a rufe karɓar dosiye. Ran Lahadi da hantsi aka jera kujerun makaranta, aka ɗaura jan ƙyalle a bakin ƙofa. Mai gari ya zauna a gaba ya rufe hanci da bakin rawani, wai mura yake yi. Garou kaf ta zo, har da na Madécali da suka ji labari, amma kowa ya zaɓi tsayawa ta inda iska ke fitowa. Haruna mai hoto ya ɗaure fuska da hankici. Ma'azu ya fito da farin wando da jan kirabat, ya yi jawabi da Faransanci na rabin awa. Abin da na tsinta a ciki shi ne, daga yau tarihin albasa ya rabu biyu, kafin shi da bayan shi.

Mai gari ya yanke ƙyalle ya koma baya da sauri fiye da shekarunsa. Ma'azu ya ciro makulli daga wuya, ya buɗe kwaɗo, ya ja ƙofa. Ta ƙi. Katakon ya sha ruwa ya kumbura.

"Haruna, shirya," ya ce. "Da ta buɗe ka ɗauka."

Ya taka bango da ƙafa ɗaya, ya kama mariƙin da hannu biyu, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Ƙofar ta taho gaba ɗaya har da ƙyaurenta, ya faɗi rigingine tana bisa ƙirjinsa, abin da ke ciki ya biyo baya. Baƙin ruwa ne mai kauri kamar kunun kanwa, da kumfa, da tsutsa, da ƙudaje da suka tashi kamar hayaƙi. Ya bi ta kansa ya wuce ƙarƙashin kujeru. Haruna mutum ne mai riƙon amana, ya ɗauka.

Ban taɓa ganin taro ya watse haka ba. Mai gari ya bar takalmi ɗaya. Wata akuya da ke ɗaure a gindin darbejiya ta tsinke igiya. Dosiyen ya fito yana iyo a hankali, ya tsaya daidai kunnen mai shi. Baba Issufu kaɗai bai gudu ba, ya leƙa ciki ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Gini dai lahiya lau. Ko tsaga babu."

Inna Safi daga bisa katanga ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam Bubakar. Albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Ma'azu ya ture ƙofar ya tashi zaune yana tofar da abin da ya shiga bakinsa. Ya fara cewa laifin maso ne da bai daidaita indararo ba, amma ba mai sauraro. Dariyar ma ta mutu, domin Inna ta tuɓe takalmi ta shiga ɗakin. Ta durƙusa cikin ruɓar nan tana laluba da hannu biyu. In ta ɗago kai ɗaya ta matsa, sai ya narke tsakanin yatsunta. Na shiga na taya ta. Tun hantsi har la'asar muna nema, muka juye ɗakin kaf. Ba mu samu ko ɗaya mai rai ba.

Ta fito ta yi wanka ta yi salla. Sai ta ɗauko ƙwarya ta miƙa wa Ma'azu, wanda ke raɓe a zaure da wandonsa da ba za a ƙara kira fari ba.

"Tashi. Gidan Sahi za mu. Kai ka roƙo, da bakinka mai Faransanci."

"Inna, bari in canza..."

"Haka za ka tahi."

Taku ashirin ne tsakanin ƙofarmu da tata, amma ban taɓa ganin Inna ta yi tafiya mai nauyin wannan ba. Shekara da shekaru tana mayar da matar nan da ƙwarya wofi, yau ga ta da tata. Inna Safi na zaune tana tsinar shinkafa. Ma'azu ya durƙusa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce sun zo neman albasar iri, ko wace iri ce, ko kai biyar.

"Ɗaga murya, Arshitek. Ɗazu har Gaya anka ji ka."

Ya maimaita. Na jira ta ce bana ba ta yi auki ba, kuma da ta faɗa ba wanda zai ga laifinta. Sai ta tashi ta shiga rudunta, ta fito da ƙwaryar cike, ta ajiye gaban Inna.

Inna ta ɗauki kai ɗaya. Ta juya shi, ta murza ɓawon da babban yatsa, ta kai hanci. Ta ɗago ta dubi Inna Safi.

"Sahi, wagga ta Malam ce."

"Tashi ce."

"Ina kinka same ta?"

"Shekarar da kogi ya cinye garkarmu ta albasa. Da hannunai ya miƙo min kai ashirin bisa katanga, kina kasuwa. Ya ce iri ba ya kwana ɗaki guda. Ya ce kuma kada ki ji, don ya san halin kayanai."

"To roƙon da kika zuwa kowace kaka hwa?"

"Da na daina zuwa, ai da kin gane."

Inna ta daɗe tana kallon albasar. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Can ta ce, a hankali, kamar yana zaune kusa da ita, "Malam, ashe haka ka yi min." Ta yi wata 'yar dariya da ban ji irinta ba tun rasuwarsa.

Ma'azu ya ga fuska ta saki, sai ya gyara kirabat. "To kun gani. Ba don ginina ba, da wanga asiri bai..."

Inna ta ɗora masa ƙwaryar a ka, ta danna har sai da wuyansa ya shige.

"Sahi," ta ce, "a bar ta rudunki har kaka. Gidana akwai mai ilimi."